Fondu ko raklet: wanne za ki ɗora wa baƙinki?

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na ga tambayarki tun jiya da daddare, na bari sai na samu natsuwa in amsa miki yadda ya kamata. Ga waɗanda ba su gani ba: maigidanta ya dawo daga taro a birnin Jeniba na ƙasar Suwizalan da tsarabar cuku iri biyu, Gruyère giram 800 da cukun raklet kilo 1. Ranar Asabar za su yi baƙi, su shida ke nan har da masu gida. Tana so ta san fondu za ta yi ko raklet, kuma shin da gaske ne sai da giya ake yinsu.

Na zauna shekara huɗu a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan, na ci duka biyun a gidajen maƙwabta, na kuma dafa su da hannuna. Shawarata ita ce ki yi raklet ranar Asabar, ki ajiye Gruyère ɗin zuwa wani daren da daga ke sai iyalinki. Ga dalilaina.

Duka biyun narkakken cuku ne, shi ya sa ake rikita su. Fondu a tukunya ɗaya ake narka cukun da ɗan ruwa-ruwa har ya zama kamar kunu mai kauri, a ɗora tukunyar a kan ƙaramar wuta a tsakiyar tebur, kowa ya soki guntun burodi da dogon cokali mai yatsu ya tsoma. Raklet kuwa babu tukunya, babu haɗi. Cukun kawai ake kusantarwa da wuta, in samansa ya narke a kankaro shi a kan dafaffen dankalin Turawa. Sunan ma daga kalmar Faransanci mai nufin kankara ya fito, kamar yadda fondu ya fito daga kalmar narkewa. Asalin raklet abincin makiyayan yankin Bale ne, wato lardin da ake rubutawa Valais, masu hawa duwatsu da shanunsu lokacin zafi. Rabin curin cuku suke jinginawa kusa da garwashi, su kankare da wuƙa.

Batun giya shi ne babba a wurinmu, kuma a nan ne suka fi rabuwa. Raklet ba ya buƙatar ko ɗigo. Fondu irin wanda aka saba, ana fara shi da farar giyar inabi, wasu su ƙara wata giya mai ƙarfi ta 'ya'yan ceri daga ƙarshe. Za ki ji ana cewa barasar tana tashi da tururi. Kada ki karɓi wannan magana, domin fondu ba a tafasa shi, kuma giya ta biyun sai an kusa saukewa ake zuba ta. Haɗaɗɗen fondu na leda da ake sayarwa a kantunan can ma galibinsa da giya a ciki, don haka duk wanda aka kawo wa tsarabarsa ya karanta bayan ledar tukuna.

Amma ki san aikin da giyar take yi a tukunyar, don ki san abin da za ki maye gurbinta da shi. Tsaminta ake nema. Cuku in ya ji zafi yakan so ya dunƙule, mai ya ware gefe guda, tsamin ne yake hana wannan dunƙulewar. Lemun tsami yana yin wannan aikin sarai. Su kansu mutanen Suwizalan suna da fondu marar giya tun asali: a lardin Firibur ana yin wani da cukun Vacherin Fribourgeois zalla da ruwa, a kan wuta kaɗan ƙwarai, a ci da dankali. Na faɗi wannan ne saboda na sha jin ana cewa fondu marar giya ba fondu ba ne, alhali masu abin suna yinsa.

Akwai kuma abin da ake daskarar da madarar da shi. Gruyère da yawancin cukun gargajiya na can, da wani sinadari daga tumbin ɗan maraƙi ake yinsu. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncinsa, kuma wannan ya shafi fondu da raklet baki ɗaya. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki tambayi malamin da kika amince da shi kafin Asabar.

Sai wahalar girki. Raklet da wuya ya ba ki kunya. Ki sami ƙananan dankali, na Jos ya yi daidai, ki wanke ki dafa da ɓawonsu da gishiri, ki nannaɗe su a tsumma mai tsabta cikin kwando don su riƙe zafi. Ki yanka cukun fale-fale, kaurin rabin santimita. A can kusan kowane gida yana da na'urar lantarki mai ƙananan kasake, kowa ya narka nasa. In ba ki da ita babu komai: kasko marar kamu a kan wuta kaɗan ya isa, ko ki jera yankakken a faranti ki sa a oben ƙarƙashin wutar sama na 'yan mintoci. In kuma cukun dunƙule yake ba a yanka ba, ki hura gawayi ya zama jan garwashi marar hayaƙi, ki fuskantar da gefen da aka yanke ga wutar, ki riƙa kankarowa. Wannan ita ce hanyar makiyayan, kuma a bakina ta fi ta na'ura daɗi nesa ba kusa ba, saboda gefen ɓawon yana soyuwa ya yi ƙamas-ƙamas. Kada ki yar da ɓawon nan, ana cinsa.

Fondu yana son tsayuwa a kansa. Na farko da na yi ya tsinke mini, cuku a dunƙule a ƙasa, mai yana yawo a sama, saboda na cika wuta kuma na zuba cukun gaba ɗaya. Na ji takaici sosai, don cuku ne mai tsada. Wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta tsaya a kaina karo na biyu, kuma yadda ta koya mini nake yi har yau. Ki tsaga tafarnuwa ki goge cikin tukunya mai kaurin gindi. Ki goge cukun giram 800 ki cakuɗa shi da garin sitacin masara cokali babba ɗaya a cike. Ki zuba ruwa kamar mililita 300, ko rabi ruwa rabi ruwan tuffa marar sukari, da lemun tsami cokali babba biyu, ki ɗumama har ya fara tururi. Daga nan ki riƙa zuba cukun hannu-hannu, kina juyawa da muciya ba tsayawa, sai wanda kika zuba ya narke ki ƙara wani. Kada ya tafasa. Daga ƙarshe ɗan masoro da gyaɗar ƙamshi. In kika ga alamar zai tsinke, ki dama sitaci ƙaramin cokali da lemun tsami, ki zuba ki juya da ƙarfi. Yanzu ki duba: kina wannan aikin, baƙi suna sallama, yara suna kira. Shi ya sa ba na so ki fara koyonsa ranar da idon mutane yake kanki.

Lissafin cukun ma ya goyi bayan raklet. A can giram 200 ake ware wa mutum ɗaya, ko fondu ko raklet. Gruyère ɗinki na mutum huɗu ne, kuma fondu ba ya karɓar ƙari, in kin tsawaita shi da ruwa ya lalace. Raklet kilo 1 ya ɗan gaza wa mutum shida a ma'auninsu, amma dankali yana cike giɓin, kuma cikinmu bai saba da cuku mai yawa haka ba, zai isa har ya ragu. Abin da ya ragu ki ajiye, ki haɗa da Gruyère ranar fondu. Shahararren haɗinsu rabi Gruyère ne rabi Vacherin, don na biyun yana kawo laushi. Tunda ba ki da shi, ɗan raklet zai taimaka. Wani zai ce a cike da wara ko cukun Nijar. Ina son su duka biyun, amma ba sa narkewa su yi yauƙi, an yi su ne don su riƙe jikinsu.

Abin ci da shi ma akwai bambanci. Fondu yana buƙatar burodi mai tauri da ɓawo, wanda ya kwana ɗaya ya fi. Burodinmu mai laushi da zaƙi yana zamewa daga cokali ya nutse a tukunya, kuma zaƙin ba ya tafiya da cukun. 'Yan'uwanmu na Yamai da Maradi da Damagaram sun huta, dogon burodin nan na Faransa yana ko'ina a wurinsu. Raklet kuwa dankali ne da ƙananan kokwamba da albasa da aka jiƙa a ruwan khal, don tsaminsu ya yanke maiƙon. Za ki iya jiƙa naki tun ranar Alhamis. Su suna jera busasshen nama a gefe, yawanci na alade, sai wani na shanu daga yankin Girizon wanda shi ma akan sa masa giya wajen gyara. Ni kilishi nake sawa. Na taɓa kai wa maƙwabtana a Lozan, ba su bar ko ɓarɓashi ba.

Wani wuri ɗaya fondu ya fi, kuma ba zan ɓoye ba. Zaman da ake yi a kansa yana tuna mini cin tuwo a kwano ɗaya. Kowa hannunsa yana zuwa wuri guda, hira tana tafiya, babu mai tashi. Wanda burodinsa ya faɗa tukunya akan ɗora masa tara ta wasa, a gidan maƙwabciyata wanke-wanke ne. In an cinye, akwai ƙanzon cuku a gindin tukunya da ake ɓamɓarowa a raba, kuma yadda yaranmu suke rububin ƙanzon tuwo haka nasu suke yi. Raklet ba tare da na'ura ba yana sa mai gida ta yi ta kai da kawo, kowa yana jiran nasa, domin in ya huce ya daskare. Ki sa maigida ya riƙe wutar, ke ki riƙe faranti, a can ma sau da yawa namiji ne yake kankara.

Abin mamaki, fondu da duniya ta sani a matsayin abincin ƙasar baki ɗaya, da can na yankunan masu jin Faransanci ne. Ƙungiyar masu cinikin cuku ta ƙasar ce ta dage da tallarsa tun shekarun 1930 don a ci cukun da ya yi yawa, sannan a shekarun 1950 ya shiga girkin sojoji, samari suka koma gidajensu da shi. Curin Gruyère ɗaya yana kai kilo 35, yana cin madara wajen lita 400, kuma sai ya yi aƙalla wata biyar a ajiye kafin a sayar. In kin tuna wannan za ki gane dalilin tsadarsa, da dalilin da ya sa nake so ki yi masa tanadi.

Duka biyun abincin sanyi ne, masu nauyi. Ki yi da daddare, ki dafa shayi baƙi mai zafi a sha da shi, haka su ma suke yi in ba sa shan giya, kuma ba sa son ruwan sanyi a kansa. Kafin ranar, ki naɗe cukun da takarda ki sa a firji, kada ki daskarar da shi a firiza in ba wuta ce ta tilasta miki ba. Ki fito da raklet ɗin rabin awa kafin ki fara. Warinsa zai cika gida lokacin da ya ji wuta, ki buɗe tagogi, kada ki ɗauka ya lalace, haka yake. In baƙinki akwai wanda ba ya cin cuku sam, ki goge dankali ki soya shi dunƙule ɗaya a kasko da man shanu har ya yi ja gaba da baya. Wannan shi ne roshti, karin kumallon manoman lardin Ban (Bern) na Suwizalan, kuma yana tafiya da soyayyen ƙwai.