Tana ko tsutsar baƙin ƙuda, wanne ya fi wa mai kiwo?

Kusan kullum sai wani mai kifi ko mai kaji ya tambaye ni wannan, to bari dai in amsa sau ɗaya.

Ba dangi ɗaya ba ne fa. Tana 'yar gidan Annelida ce, jikinta zobe-zobe, ba ƙashi ba ƙafa, da fatarta take numfashi shi ya sa in ƙasa ta bushe sai ta mutu. Ita kuwa tsutsar baƙin ƙuda (wasu BSF suke cewa) ɗan ƙwaro ne bai gama girma ba, dangin Arthropoda, in ya balaga ya zama ƙuda amma ba ya cizo, ba ya damun abincinka irin ƙudan gida.

Wajen sauri tsutsa ta wuce tana nesa ba kusa ba, macen ƙudan guda ɗaya tana zuba ƙwai ɗaruruwa, in an ƙyanƙyashe su cikin sati 2 zuwa 3 tsutsotsin sun yi ƙiba a kan dusa, ragowar tuwo da ruɓaɓɓen tumatur. Sai dai wari, in ka cika musu jiƙaƙƙen abinci makwabta za su sani. Kuma sai ka yi kejin da manyan za su haɗu su yi ƙwai, ɗan kuɗi ne.

Tana ba tsada, kwando da kashin shanu da ya huce sun isa, amma zafin Afrilu a Kano ko Zinder yana kashe ta in ba inuwa da yayyafi kullum. Takinta kam babu kamarsa.

Mai tarwada ko kaji da yake neman rage kuɗin abinci, tsutsa ce tasa. Mai lambun fadama da ruwa a kusa, ya riƙe tana.