Bulon jar ƙasa ko na siminti a Legas?

Yayana mazaunin Agege zai yi gini a Ikorodu, ya rasa wanda zai zaɓa: bulon siminti ko na jar ƙasa da ake matsewa da inji.

Na siminti ko'ina akwai shi, kowane magini ya iya aikinsa, amma danshin Legas kan ɓare masa fenti.

Ni na jar ƙasar nake so. Siminti kaɗan ake zuba masa, yana jinkirta shigar zafin rana cikin ɗaki, kuma jansa ya dace da mangwaro da kwakwar da ke filin, kamar gidan tsirowa ya yi. Sai dai ruwan Yuni ba ya ragawa: dole a ɗaga harsashi sosai, a faɗaɗa bakin rufi ya kare bango.