Soso ko audugar dutse: abin da na ji a ɗakin naɗar murya

Ɗakin da nake naɗar murya a ciki tsawonsa mita 4 ne, bangon siminti, ƙasa tayil. Ka tafa hannu sai ka ji ƙarar tana kai da komo tsakanin bango da bango. Abu uku na gwada don rage wannan amsa-kuwwa: soson nan mai tsini-tsini da ake mannawa a bango, labule mai kauri, da allunan audugar dutse (zare mai kama da auduga da ake yi da narkakken dutse) irin ta kamfanin Rockwool.

Soso ya fi kyan gani a hoto, ya kuma fi sauƙin mannawa. Nawa kaurinsa santimita 5. Amsa-kuwwar tafi ta ɗauke nan take, wannan ba musu. Sai dai siririn sauti kaɗai yake sha. Da na saurari abin da na naɗa, kaifin murya ya dushe, kaurin sautin kuwa yana nan daram, kamar mai magana daga cikin tulu. Dalilin a lissafi yake. Sauti yana gudun kusan mita 343 a daƙiƙa, saboda haka igiyar sauti mai kauri na 100 Hz (wato mai kaɗawa sau 100 a daƙiƙa) tsawonta ya kai mita 3.4. Abin da ke shan sauti ta ƙofofin jikinsa kuwa ya fi aiki idan kaurinsa ya doshi rubu'in wannan tsawon. Ina soson santimita 5 zai kai?

Labule ya rage ƙarar gilashin taga, iyakarsa ke nan. Kiret ɗin ƙwai da wasu ke yabo kuma, a bar shi wa ƙwai.

Audugar dutsen ce ta biya ni. Kowane allo santimita 60 ne a 120, kaurinsa 10, a cikin firam na katako, an lulluɓe shi da yadin da iska ke ratsawa. Gwajin yadin mai sauƙi ne: ka hura shi da baki, in iska ba ta wuce ba, sauti ma ba zai shiga yadda ya kamata ba. Na bar ɗan rata tsakanin allo da bango, domin ratar tana ƙara masa ƙarfin kama sauti mai kauri. Wurin ratayewa kuwa madubi ne ya nuna mini: kana zaune a mazauninka, wani yana jan madubi a jikin bango, duk inda ka hango lasifika a ciki, nan allo zai zauna. Biyu a gefe, ɗaya a sama, sauran na gicciya su a kusurwoyi inda bas, wato sauti mai kauri, ke taruwa. Daga nan murya ta fito tas, ba ta dushe ba, ba ta kuma yi kumburi ba.

Tana da nata wahalar. Allunan suna da nauyi, suna cin fili, kuma audugar tana sa ƙaiƙayi, sai da safar hannu da takunkumi wajen yanka ta. Ba kuma za ta hana ƙarar mota ko hirar maƙwabta shigowa ba. Wannan aikin bango mai nauyi ne da toshe kafofin ƙofa da taga, wani sha'ani daban.

Da na auna sautin ɗakin da manhajar REW, wadda kyauta ce, na ga wani tudu, wato inda sauti ya yi ƙarfi fiye da kima, a wajen 43 Hz, daidai abin da tsawon mita 4 ke haifarwa. Allunan ba su iya da shi sosai ba. Abin da ya rage shi a kunnena shi ne gusar da teburi da kujera, na nisanci bangon baya ba tare da na zauna a tsakiyar ɗakin ba.