Custom Tables na SPSS: yadda na same shi a aikin binciken gida-gida

Tattara amsoshi a waya da manhajar KoboToolbox ya zo da sauƙi yanzu. Wahalar tana farawa ne ranar da masu aikin suka ce a fitar musu da kowace tambaya a rarrabe: maza da mata, birni da ƙauye, kowace ƙaramar hukuma da nata. A irin wannan aikin, na wani bincike kan ruwan sha da tsaftar gida, na yi amfani da Custom Tables, ɓangaren manhajar SPSS da ke haɗa jadawali, kuma ina ganin ya kamata masu wannan sana'a su ji yadda yake kafin su sa kuɗinsu.

SPSS tsohuwar manhaja ce, tun 1968 ake aiki da ita, IBM ta saye ta a 2009, kuma da ita yawancinmu muka koyi nazarin alƙaluma a jami'a. Sai dai Crosstabs, ɓangarenta na haɗa tambaya da tambaya a jadawali, aka fi koya mana, shi kuwa kowace tambaya biyu da ka haɗa jadawalinsu daban yake fitarwa. In tambayoyin suna da yawa, haka za ka wuni kana kwafa kana liƙawa a Excel. Custom Tables fili ɗaya yake buɗe maka. Ka jawo tambayoyin ka jera su a gefen hagu, ka jawo jinsi da wurin zama da ƙaramar hukuma ka jera su a sama, kafaɗa da kafaɗa. In kana so ka sa jinsi a ƙarƙashin kowace ƙaramar hukuma, sai ka saki ɗaya a cikin ɗaya. Kana ja kana ganin siffar jadawalin tun kafin alƙaluma su fito.

Inda ya fi burge ni shi ne tambayar da mutum zai iya ba da amsa fiye da ɗaya. Ka tambayi uwargida daga ina suke samun ruwa, ta ce rijiya, ta ce burtsatse, ta ƙara da cewa da rani wajen 'yan ga-ruwa suke saye. Kobo yana warwatsa wannan amsa gida-gida, kowane zaɓi da layinsa na 0 da 1. A nan sai ka tattara su wuri ɗaya a Multiple Response Sets, ka ce a ƙirga 1, ka ba rukunin suna, shi ke nan ya zama tamkar tambaya guda. Rukunin yana zama a cikin fayil ɗin in ka adana, ba sai ka sake haɗa shi gobe ba. Sannan kai za ka zaɓa: kaso bisa yawan mutanen da suka amsa, ko bisa yawan amsoshin. Na farkon ne yake gaya maka gidaje nawa cikin ɗari ke shan ruwan rijiya, kuma jimillarsa kan wuce 100, don haka a rubuta bayani a ƙasan jadawalin kada mai karatu ya ɗauka kuskure ne.

Akwai kuma maɓallin Paste, wanda ke rubuta maka umarnin CTABLES na duk abin da ka jera. Wallahi kada ka yi wasa da shi. Bayanan bincike ba sa zama yadda suke: yau an goge gidan da aka shigar sau biyu, gobe an gyara shekarun wani. Da umarnin a ajiye, ka danna sau ɗaya duk jadawalan su sake fitowa.

Amma manhajar ba ta san tambayar da ke ranka ba. Abin da take fara ba ka yawan mutane ne tsagwaronsa, kai za ka je ka zaɓi kason tsaye ko na kwance. "Mata nawa cikin ɗari ke zuwa ɗibar ruwa" daban yake da "cikin masu ɗibar ruwa nawa ne mata", kuma duk wanda ka zaɓa jadawalin zai fito fes. Haka nan in an yi wa tambaya alamar Scale (wato amsa ce ta adadi) a Variable View, shafin da ake bayyana nau'in kowace tambaya, alhali amsoshinta rukuni-rukuni ne, matsakaici za ta lissafa maka. A gyara wannan tun kafin a fara jan komai.

Abin da na fi so a kula da shi shi ne haruffan nan A, B, C da ke nuna rukunin da ya fi wani da tazara mai ma'ana. Suna da daɗin karantawa, har da gyaran Bonferroni a ciki, wanda ke tsaurara gwajin in ana kwatanta rukuni da yawa. To amma gwajin yana ɗauka ne cewa an tsinci mutanen ɗaya bayan ɗaya ta hanyar ƙuri'a. Binciken gida-gida ba haka ake yin sa ba, yanki ake fara zaɓa sannan gidajen cikinsa. Binciken lafiya na NDHS na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a Najeriya, haka tsarinsa yake, ga kuma nauyin da aka ba kowace amsa don ta wakilci jama'a daidai. Weight Cases, inda ake sa wannan nauyin a SPSS, zai daidaita maka kason, amma bai san da zancen yanki ba, sai bambanci ya fito da harafi alhali hujjarsa ba ta kai ba. Lura da zancen yanki aikin Complex Samples ne, shi kuma ɓangare ne daban na SPSS.

Sai maganar kuɗi. Custom Tables ba ya cikin SPSS Base, ƙari ne da ake biya, kuma kowa ya san yadda naira take a gaban dala. Ɗalibin da jadawali biyar ko shida yake buƙata a kundinsa, Crosstabs ya ishe shi, ko jamovi da PSPP da suke kyauta. Wanda kuwa ke fitar wa ƙungiya rahoto duk bayan 'yan watanni, da tambayoyi masu amsa barkatai, zai ci moriyar kuɗinsa. Ya dai tambayi mai sayar masa da lasisin ko Complex Samples na cikin ƙunshin kafin ya biya.