Gargaɗi kan masu damfara da sunan saiklodekstirin

Masu neman rage ƙiba, da masu motsa jiki, da masu fama da ciwon suga ko yawan kitse a jini su yi hattara da wasu dillalai da ke tallan gari da ƙwayoyi masu suna saiklodekstirin a shafukan sada zumunta. Abin da ya sa damfarar tasu take cin mutane shi ne sinadarin na gaske ne, kuma duk wanda ya bincika sunansa a intanet zai ci karo da rubuce-rubucen masana masu yawa, sai hankalinsa ya kwanta ya tura kuɗi. Dabarar dillalan ita ce su tattaro sakamakon binciken da aka yi a kan sinadarai daban-daban masu kamancin suna, su jingina shi duka ga gwangwani ɗaya wanda babu mai tabbacin abin da ke cikinsa.

Saiklodekstirin ƙwayoyin gulukos ne da suka haɗu suka yi zobe, ana kuma samar da shi daga sitacin masara ko dankali. Masanin Faransa Antoine Villiers ne ya fara bayyana shi a 1891. Nau'o'insa sanannu uku ne: alfa mai ƙwayar gulukos 6, beta mai 7, gamma mai 8. Bayan zoben yana jituwa da ruwa, ramin tsakiyarsa kuwa yana riƙe abubuwa masu maiƙo, shi ya sa masana'antun magunguna da na abinci suke amfani da shi wajen narkar da sinadaran da ba sa narkewa a ruwa, ko ɓoye ɗaci da wari. A kan wannan rami dillalan suka gina ƙaryarsu, suna cewa zai haɗiye kitsen abinci, ya kuma wanke jijiyoyin jini.

Maganar rage ƙiba ce ta fi kawo musu kasuwa. Za a ga an rubuta cewa giram ɗaya na alfa yana kama giram 9 na kitse, don haka mutum ya ci abin da ransa yake so, ya bi da ƙwaya biyu. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane ƙanana ne, sakamakonsu bai zo ɗaya ba, kuma babu wanda ya nuna irin ramar da ake nunawa a hotunan talla. Da'awar da Hukumar Kula da Ingancin Abinci ta Turai ta amince da ita a 2012 ta shafi suga ne: alfa yana rage hauhawar sugan jini bayan cin abinci mai sitaci, da sharaɗin a sami aƙalla giram 5 nasa a kan kowane giram 50 na sitaci. A nan ya kamata mai saye ya juya robar ya karanta bayanta. Idan ƙwaya ɗaya miligiram 500 ce, to sai ya haɗiyi goma a zama ɗaya kafin ya kai wannan ma'auni, ko da kuwa babu komai a cikinta sai alfa tsantsa. Sau da yawa ma ba a rubuta yawansa, sai dai a jera sunaye biyar ko shida a ƙarƙashin abin da suke kira haɗin sirri na kamfani, a ba da nauyinsu a dunƙule. Wanda kuma ya sha da yawa don ya cike giɓin, kumburin ciki da iska ne za su biyo baya, domin alfa ba ya narkewa a ƙaramin hanji, sai ya isa babban hanji ƙwayoyin bakteriyar da ke can su sarrafa shi.

Ga 'yan wasa kuwa, wata ƙofar ake buɗe musu. Akwai wani garin da kamfanin Glico na Japan yake yi daga sitacin masara mai danƙo, wanda ake sayarwa da sunan Cluster Dextrin, kuma masu gudu da masu tseren keke suna dama shi a ruwa saboda yana saurin barin tumbi ba tare da ya yi musu nauyi ba. Wannan gari ba ɗaya yake da alfa, beta ko gamma ba. Ƙwayarsa ta fi su girma nesa ba kusa ba, kuma jiki yana mayar da shi gulukos, ya ba da kimanin kalori 4 a kowane giram kamar sauran abinci mai sitaci. Saboda haka dillalin da ya ce garinsa guda yana ba da ƙarfin gudu, yana kuma sauke suga, ya haɗa abubuwa biyu da ba sa haɗuwa, mai ciwon sugan da ya yarda da shi kuwa suga yake ƙara wa jininsa. Ban da haka, maltodekstirin, wani garin sitaci mai araha, shi ma farin gari ne mai narkewa a ruwa, ba shi da wani ɗanɗano mai ƙarfi, kuma ido ko harshe ba za su bambance shi da mai tsadar ba. Gwangwanin da farashinsa ya faɗi ƙasa warwas, ba lambar rukunin da aka sarrafa shi, ba adireshin masana'anta, cinikin biri a sama ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tallan wanke jijiyoyin jini. Gaskiya ne a 2016 an wallafa wani bincike da ya nuna cewa wani nau'in beta da aka sauya masa fasali a ɗakin gwaji ya rage daskararren kitsen jijiyoyi, amma a jikin ɓeraye aka yi shi, kuma ta allura. Wannan nau'in ne aka gwada wa masu cutar Niemann-Pick, wata cutar gado da ba a cika samu ba, a ƙarƙashin kulawar likitoci, kuma raguwar ji tana cikin illolin da aka gani. Idan aka sha shi ta baki, ɗan kaɗan ne yake ratsa hanji ya shiga jini, balle ya kai ga jijiyoyin zuciya. Dillalin da ya shawarci mai hawan jini ko mai yawan kitse a jini ya ajiye maganin asibiti ya koma garinsa, da ran mutum yake wasa. Mafi muni shi ne wanda ya ba da shawarar a narkar da garin a yi allura da shi, domin beta na asali yana lalata ƙoda idan ya shiga jini kai tsaye. Ko ta baki ma, kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ya ƙayyade masa miligiram 5 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana.

Akwai kuma matsalar abin da ake cusawa ba a rubuta ba. Binciken da ɗakin gwajin birnin Kolon na Jamus ya wallafa a 2004 ya duba kayan ƙarin kuzari 634 daga ƙasashe 13, ya sami 94 daga cikinsu ɗauke da sinadaran gina tsoka da aka haramta, alhali ba a ambace su a jikin takarda ba. Dokar hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya tana ɗora wa ɗan wasa alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko ya sani ko bai sani ba. A kayan rage ƙiba kuwa an sha kama sibutiramin, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, don haka idan ƙwaya ta kashe sha'awar abinci farat ɗaya, ta kawo bushewar baki da faɗuwar gaba, a dakatar da ita a nufi asibiti da robar a hannu.

Tambarin "FDA ta amince" da suke mannawa shi ma yaudara ce, domin a ƙarƙashin dokar Amurka ta 1994 FDA, wato hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, ba ta tantance irin waɗannan kaya kafin su shiga kasuwa. Ɗan wasan da ke buƙatar garin sitaci ya nemi mai shaidar masu gwada ingancin irin waɗannan kaya, kamar Informed Sport ko NSF, ya kuma duba lambar rukunin a shafin masu shaidar da kansa, kada ya tsaya ga hoton takardar da dillali ya turo. Wanda aka yi wa tayin gwajin kyauta da sharaɗin ya shigar da lambar katin banki, ya sani cewa ta nan ake fara cire masa kuɗi kowane wata, haka ma wanda aka ce ya sayi kwali ya zama wakili ya kawo wasu. Idan an riga an faɗa tarkonsu, a adana rasit da saƙonni da robar kanta, a kira banki a toshe katin, sannan a kai ƙara ga hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar da ake zaune.