Wata bakwai ina kai yarinyata gidan raino a Malali, ga abin da na gani

Tun da na koma aiki ƙawaye ke tambayata wai ina nake ajiye yarinya kuma ya wajen yake, to bari in faɗa gaba ɗaya yadda na gan shi, da daɗin da rashin daɗin. Ni a kamfani mai zaman kansa nake aiki a nan Kaduna, hutun haihuwa sati 12 suka ba ni kamar yadda dokar ƙwadago ta ce, na haɗa da hutuna na shekara ya zama yarinya tana da wata uku cif na koma. Yayata da ke aikin gwamnatin jiha wata shida ta samu, don tun 2019 aka mayar musu da shi haka, mu kam ba mu ciki. Mamata tana Funtua, Hajiyar maigida tana Zariya ga ciwon gwiwa, aka ce a kawo min yarinya daga ƙauye 'yar shekara 12 na ce a'a wallahi, ita kanta raino take buƙata da makaranta, ba zan ɗora mata jaririya in kulle gida in tafi ba.

Wuri uku na duba kafin in zaɓa. Na farkon ya fi ko'ina kyau, an sha fenti, ga lilo ga kayan wasa ga zanen dabbobi a bango, ranar da na je da safe har na kusa biya. Allah ya sa na sake komawa washegari wajen ƙarfe 12 na rana ba tare da na kira ba. Na ƙirga jarirai 11 a ɗaki ɗaya, mata biyu kacal ke kansu, wani yaro yana kwance an tokare masa fida da filo yana sha shi kaɗai babu mai kallonsa, idan ya ƙware fa? Wata kuma ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ban ma ga laifin matan ba sosai, hannu biyu kowacce ke da shi. Daga nan na daina kallon bango, duk inda na shiga kawunan yara nake ƙirgawa da hannun da ke ɗaukarsu. Na biyun kuma warin fitsari ne ya tare ni tun daga ƙofa, ban zauna ba.

Wanda na zaɓa gida ne mai ɗaki uku da aka mayar wajen raino, mai wajen tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, kowa Mama yake ce mata. Ba wani ƙyale-ƙyale, katifu ne a ƙasa da shimfiɗa mai tsafta, gidan sauro, fanka da ke aiki da sola, tagogi da raga. Ɗakin jarirai su shida ne da masu raino biyu, sannan akwai wata daban da aikinta wanki da wanke fida da shara, wannan ya burge ni ƙwarai don mai canza famfas ba ita ke haɗa abinci ba. Wadda ke riƙe da tawa wata dattijuwa ce muna ce mata Iya. Sati na biyu na fito daga ofis da rana na faɗo musu ba sanarwa, gabana na faɗuwa, na tarar da Iya zaune a tabarma ta goya wani yaro da majanyi, tawa kuma tana kan cinyarta tana ba ta nonon da na tatsa da ɗan kofi a hankali, tana yi mata 'yar waƙa tana goge mata haɓa da gefen zani. Ta ɗago ta ce “Uwar ɗiya, shigo mana, ai yanzu ta tashi.” Babu wanda ya rikice don na zo, babu wanda ya ruga ya gyara wani abu. A mota na yi hawaye ranar, na samun sauƙi. Kuma yau wata bakwai Iya ɗin ce dai, yarinya na ganinta take miƙa hannu, a wajena wannan ya fi duk wani lilo, don jariri mutum yake sabawa da shi ba ɗaki ba.

Maganar nono sun iya ta. Ina tatsa da dare da asuba, in rubuta suna da lokaci a jikin kowace roba, su sa a firji. Mama ce ta koya min cewa wanda aka bari a waje kar ya wuce awa 4, kuma a ruwan ɗumi ake tsoma robar ba a ɗora shi a wuta. Ba su ba ta ko ruwa ba har ta cika wata 6, duk da Hajiya ta yi ta faɗa a waya wai za a kashe mata jika da ƙishirwa a zafin Kaduna, na ce Hajiya ki yi haƙuri haka likitoci suka ce, nonon da ruwansa. Zuma ma da ta aiko Mama ta ce a ajiye sai ta shekara. Barci kuma a rigingine suke kwantar da jarirai, babu filo babu tarin bargo a kusa da fuska. Yanzu da ta fara cin abinci ni nake kai kunun gyaɗa a filas da ɗan faten dankali, suna rubuta min a ƙaramin littafi abin da ta ci da sau nawa aka canza ta.

Ranar rajista ba su karɓe mu ba sai da na kawo katin rigakafi, Mama ta sa tabarau ta bi shi layi layi, na haihuwa, na sati 6, na sati 10, ta ce na sati 14 ya kusa kar in manta. Da ta kai wata 9 ita ta tuna min allurar ƙyanda da ta shawara. Duk wadda ta ga yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano a 2023 ta san wannan ba tsanani ba ne, allurar Penta ɗin nan da ake yi sau uku ita ke kare shi, kuma a ɗakin da yara shida ke tsotsar abin wasa ɗaya yaro guda da ba a yi wa ba ya isa. Dokarsu kuma yaro mai zazzaɓi ko gudawa ba ya zama. Ta taɓa faɗawa kaina ranar da nake da mitin, aka kira ni ƙarfe 10 in zo in ɗauke ta, na ji haushi a lokacin amma da ɗan wata ne ai haka zan so a yi.

To sai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. A watan Janairu ɗaya mai rainon ta bar aiki, kusan sati uku ba a kawo wata ba, Iya ita kaɗai da jarirai shida sai mai wanki na taimaka mata. A lokacin ne yarinyata ta yi ƙurjin famfas har fatar ta yi ja tana kuka in ruwa ya taɓa, na duba littafi na ga sau biyu kawai aka canza ta daga safe zuwa yamma. Na samu Mama na ce Mama wannan bai yi ba, in babu hannu gara a ce mana mu nemi dabara na kwana biyu. Ta ba ni haƙuri ba ta yi musu ba, amma ni har yanzu ina ganin kamata ya yi a ce suna da wata a ajiye da za a kira. Akwai kuma bokitin ruwa da na gani a buɗe a tsakar gida inda masu tatata ke wucewa, yaro ƙarami in ya kifa kai a bokiti ba ya iya fitowa, na yi magana a take aka ɗauke kuma ban sake gani ba. Mura kam lokacin hunturu kusan duk sati biyu sai ta kwaso, wannan ban ɗora musu ba, haka taron yara yake.

Abin da ya fi damuna shi ne talabijin a ɗakin manya, 'yan shekara ɗaya zuwa uku. Duk sanda na leƙa da yamma katun ke yi, yara sun yi shiru sun zuba ido. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara biyu bai kamata a zaunar da shi gaban allo ba, ɗan shekara biyu ma kar ya wuce awa ɗaya a rana, a lokacin ne fa yaro ke koyon magana daga bakin mutane.

Kuɗi naira 35,000 nake biya a wata, rabin mafi ƙarancin albashin 70,000 da aka sa a 2024 ke nan, ban da famfas da abinci da sabulu da nake kaiwa. Suna buɗewa 7 na safe su tashi 5:30, in kin makara akwai tara, kuma go-slow ɗin yamma ba ya cikin uzurin da suke karɓa, sau uku na biya. Ɗaukar yaro sai da kati, ƙanina ya taɓa zuwa babu kati suka hana shi har sai da Mama ta kira ni ta ji muryata sannan ta kira maigida, ya yi ta mita, ni kuwa daɗi na ji.

Zan ci gaba da kai ta, kuma na riga na tura ƙawata ɗaya, na ce mata ta je da rana tsaka ba tare da ta kira ba ta ƙirga da idonta. Nan da wata biyu za a mayar da tawa ɗakin manya, na roƙi Mama a riƙa kashe talabijin ɗin ko da daga safe zuwa azahar ne, ta ce za ta tara iyaye a yi maganar ranar Asabar ta ƙarshen wata, kuma in sha Allah ina cikin masu zuwa da wuri.