Inshorar Ma'aikata: Inda Ake Ciniki da Inda Ba a Yi

Mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai, ko mai injin casar shinkafa, yakan zuba inshorar ma'aikata a kwando ɗaya. Alhali iri uku ce, kuma ba kowacce ake taya ta ba.

Ta farko babu ciniki a cikinta. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin wata a asusun NSITF, hukumar gwamnatin tarayya mai biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a wurin aiki, daga aljihunsa, ba a cire ko sisi daga albashin ma'aikaci. Idan albashin yaranka naira miliyan 2 ne, dubu 20 ke nan duk wata. Wasu kan ɓoye rabin ma'aikatansu don su rage wannan, kuma abin yana ɓata mini rai, domin ranar da inji ya datse yatsun wanda babu sunansa a takarda, shi da iyalinsa ne za su fara shan wahala, sannan rigimar ta dawo kanka. Ragin halal a nan shi ne ka riƙa goge sunan wanda ya bar aiki, ka kuma kai rahoton hatsari cikin kwana 7 yadda doka ta ce.

Ta biyu ita ce inshorar rai ta ma'aikata gaba ɗaya, wadda dokar fansho ta 2014 ta ce kada ta gaza ninki uku na albashin shekara. A nan ciniki yake. Kana iya zuwa kamfanin inshora na yau da kullum, ko na takaful, wato inshorar tsarin Musulunci, irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. A takaful, kuɗinka gudunmawa ce a asusun taimakekeniya, kuma idan an samu rara bayan biyan diyya, ana iya raba ta ga masu zubi. Ni na fi karkata can saboda kwanciyar hankali ta fuskar addini, amma hakan ba ya nufin farashinsu ne mafi sauƙi kullum. Karɓi farashi daga wurare uku a kan jerin sunaye ɗaya, mai ɗauke da shekarun kowa da ainihin aikinsa, don kada a auna akawu da ma'aunin mai walda. Dillali mai lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora ta ƙasa, zai yi maka wannan zirga-zirgar, kuma la'adarsa daga kamfanin inshora take fitowa.

Ta uku, inshorar hatsari ta ƙari, ganin dama ce. Tsarin NSITF ya riga ya ƙunshi hatsarin wurin aiki, har da na hanya tsakanin gida da wurin aiki. Kafin ka sa hannu, ka ce mai tallar ya nuna maka a rubuce abin da tasa za ta biya wanda NSITF ba ta biya, kamar hatsarin ranar hutu. In bai nuna ba, riƙe kuɗinka ka sayo wa yaran safar hannu, takalmi da murfin inji.